Ɗan Adar a bakin teku: amsa ga mai son taka gaɓar Ahanta da ƙafa

Wani ƙanenmu daga Tawa ya aiko da tambaya, ga ta a taƙaice: "Yaya, ina taya wana sana'ar albasa. Cikin watan Janairu zan bi mota zuwa Takoradi, zan yi kamar mako biyu a can. Na ga hotunan wata hanyar ƙafa da ke bin bakin teku tsakanin ƙauyukan Busua da Butre har zuwa Cape Three Points, raina ya biya. Ban iya iyo ba, amma tafiya ba ta ba ni tsoro, da kiwo na tashi. Zan iya bi ni kaɗai? Me zan riƙe?"

Ƙanena, ka je. Na yi shekaru a Takoradi kafin in dawo Yamai, na taka wannan gaɓa sau da yawa, wani lokaci ni da abokai, wani lokaci ina raka baƙi, kuma har yau idan hazo ya rufe mu a nan nakan tuna ƙanshin wurin. Amma wannan magana taka ta "da kiwo na tashi" ita ce ta sa na zauna rubuta doguwar amsa. Wanda bai saba tafiya ba tsoro ke tsare shi. Irinmu da muka saba, sanin da muka zo da shi daga gida ne ke jefa mu. A dajin Adar hanya tana nan inda ka bar ta: in ka bi ta da safe, da la'asar za ka same ta. A bakin teku hanya buɗewa take ta rufe, sau biyu kowace rana, kuma ba ta duba ƙarfin ƙafarka.

Bari in fara shimfiɗa maka wurin. Daga Takoradi za ka shiga ƙaramar motar haya, wadda suke kira torotoro, ka yi yamma zuwa Agona Nkwanta, nan ne mararraba. Daga nan ka sake mota zuwa Busua ko Dixcove. Ƙasar Ahanta ce. In ka tsaya a Busua ka fuskanci teku, Butre na hannun hagunka, wajen kilomita 3, Dixcove kuma na hannun dama, tafiyar da ba ta cika kai rabin awa ba. Gaba da Dixcove akwai Akwidaa, gaba da ita Cape Three Points, ƙarshen ƙasar Ghana ta kudu, inda hasumiyar fitilar jiragen ruwa da aka gina a 1925 ke tsaye. Hanyar ba ɗaya ba ce miƙaƙƙiya da wani ya zana. Guntaye ne: nan rairayin gaɓa, can ka hau tudu ka ratsa gonar rogo ko ta roba, ka gangaro cikin kwakwa, ka tarar da bakin rafi, ka zagaye hancin dutse. Hoton da ka gani na rairayin ne. Ba a cika ɗaukar hoton hancin dutsen ba.

To, ruwan. Teku na cika ya janye sau biyu a cikin awa 24 da minti 50. Tsakanin cika da cika awa 12 da minti 25 ne, tsakanin cika da janyewa kuma awa 6 da ɗan ɗoriya. Wannan minti 50 da ya hau kan kwana guda shi ne tarkon: in yau ruwa ya kai ƙarshen janyewarsa ƙarfe 9 na safe, gobe sai kusan 10 saura, jibi ya ƙara matsawa, bayan mako guda a daidai wannan lokacin ruwan a cike yake. Wanda ya ce maka "na wuce nan da hantsi ranar Juma'a, ba komai" bai yi ƙarya ba, amma labarin Juma'a ya ba ka.

Wata ne ke jan ruwan, kuma a nan mu Musulmi muna da riba, don lissafin wata a hannunmu yake. Kwanakin tsayuwar wata da kwanakin 14 zuwa 16, lokacin farin wata, ruwa na cika sosai ya kuma janye sosai. Wajen 7 zuwa 8 ga wata, da 22 zuwa 23, motsinsa kaɗan ne. A wannan gaɓa bambancin tsayin ruwa tsakanin cika da janyewa bai kai mita 2 ba ko a manyan kwanakin. Za ka ce ai wannan ba komai ba ne. Ka tuna ƙoramar garinku ranar da aka yi ruwa a kan tudu: ruwan da ya kai cinya kawai, amma yana gudu, ya isa ya tafi da jaki da kayansa. Na teku bayan gudu yana da duka, igiya na zuwa ta make ka, ta koma tana zare rairayin da ke ƙarƙashin tafin ƙafarka.

Akwai kuma abin da matuƙan jiragen ruwa suka daɗe da sani: ruwan ba ya hawa daidai wa daida. A awa ta farko bayan ya juyo, da ƙyar za ka lura. A ta biyu ya ɗan ƙaru. A awa ta uku da ta huɗu rabin dukan hawan ke zuwa. Shi ya sa mutum zai duba ya ce da sauran fili, ya zauna ya sha ruwa ya ɗauki hoto, ya ɗaga kai ya tarar filin ya zama tafki. Ƙa'idar da nake bi ita ce in isa duk wani hancin dutse ko bakin rafi ruwa na kan janyewa, awa ɗaya ko biyu kafin ya kai ƙarshe. In ya riga ya juyo da awa biyu, ba na shiga, sai in nemi hanyar tudu ko in zauna.

Jadawalin cika da janyewar ruwa na tashar Takoradi yana nan a intanet, ka sauke shi a waya tun kana gari, don rezo na ɗaukewa a bayan tuddai. Ka kula da agogo: Ghana na bayan Nijar da awa ɗaya. Wannan ƴar awa ta taɓa cin takalmina.

Makona na biyu ke nan da komawa can bayan wata ziyara gida, agogon hannuna yana kan lokacin Yamai, ban gyara ba don kasala, ina cirewa a ka. Ranar na cire ta baibai. Na fito daga wani ƙaramin ƙauye zan zagaye duwatsu zuwa gaɓa ta gaba. Wata dattijuwa na ƙyafe kifi a bakin hanya, hayaƙi ya rufe mata fuska, ta ɗago ta nuna teku da itacen da take juya wuta, ta girgiza kai, ta nuna mini tudu. Ba na jin yarenta sosai, amma wannan ai ba ya buƙatar tafinta. Na yi mata murmushi na nuna agogo. Rabin zagayen lafiya lau. Sai na iso wani lungu tsakanin duwatsu biyu inda ruwa ke shiga ya fita, faɗinsa bai fi taki huɗu ba. Na ƙirga igiyoyi, na ga wuri ya buɗe, na taka. Dutsen da ke da koren gansakuka santsinsa ya fi na kuɓewa. Na zame, igiya ta same ni a durƙushe, ta ɗaga ni ta ajiye kan bawon kawa da ke manne da dutse. Ƙafar takalmi ɗaya ta tafi. Na rarrafa na hau sama, gwiwa da tafin hannu duk yanka sirara kamar an bi da reza, na zauna kan dutse kusan awa huɗu ina kallon hanyar da na biyo ta nutse, gaba ma ta nutse. Da na dawo ta ƙauyen da yamma, ƙafa ɗaya ba takalmi, dattijuwar ba ta ce komai ba. Ta miƙo mini ruwa a kofi da guntun kifi.

Baƙo makaho ne ko da idonsa biyu. Jadawali na da amfani, amma masunci ya fi shi, don shi ya san wane dutse ne ke rufewa da wuri, ya kuma san ranar da teku ya tashi da fushi ko da lissafi ya ce ruwa a janye yake. Iskar da ta kaɗa can nesa cikin Atilantika kwanaki da suka wuce tana iya aiko da manyan igiyoyi rana tsaka, sama garau.

Bakin rafi shi ne abu na biyu. Ƙauyukan nan galibi a bakin ƙananan koguna suke zaune, inda ruwan daɗi ke haɗuwa da na gishiri ya yi tafki, itatuwa masu saiwa a waje kamar ƙafafun gizo sun kewaye shi. A Butre da Akwidaa akwai gadar ƙafa, a wasu wuraren kwalekwale ne, a wasu kuma sai ka tsallaka da ƙafarka. In akwai gada ko kwalekwale, ka biya ƴan kuɗin ka hau, kada ka yi rowa. In babu, ka jira ka ga ɗan gari ya tsallaka ka bi sawunsa daidai. Bakin rafi na sauya wuri, inda ya kai idon sawu bara bana yana iya shanye mutum. Ka kwance maɗaurin jakarka na ciki kafin ka shiga, yadda in ka faɗi za ka iya yar da ita. Ka riƙe sanda. Sandar kiwonka ma ta isa, a nan kam sanin gida ya yi rana.

Batun iyo kuwa, tunda ba ka iya ba, iyakarka ƙwauri, kuma fuskarka na kallon teku, kada ka ba shi baya. Kada ka auna shi da tafkin Tabalak ko kogin Isa a Yamai. Gaɓar yankin nan a wurare da yawa tana da gangare, taki biyu ka wuce daga gwiwa zuwa wuya. Akwai kuma wani jan ruwa da ke komawa ciki ta siririyar hanya, kamar ƙorama a cikin teku. Abin mamaki, wurin da yake shi ne ya fi kama da wurin lafiya: igiyoyi na fashewa dama da hagu, a tsakiya ga wani fili shiru, ruwansa ya ɗan fi duhu, kumfa da tarkace na tafiya ciki maimakon su zo gaɓa. Baƙo na ganinsa zai ce ga inda zan yi wanka. Ko gwanayen iyo ba sa kokawa da shi, gefe suke yi, su bi tsawon gaɓa har su fita daga bakinsa. Busua na da sauƙi fiye da sauran wuraren, shi ya sa za ka ga samari na hawa igiya da allo a can, amma su a ruwan suka girma.

Yanzu zafi. Za ka yi dariya in na ce ka ji tsoron zafin wurin da ma'auni bai cika wuce 32 ba, kai da ka san Afrilun Tawa mai haura 40. Namu zafin busasshe ne, gumi na fita iska ta shanye, jiki ya huce. Can iska a jiƙe take, gumi na zuba amma ba ya bushewa, riga ta manne, jiki bai sami sanyin ba, ruwan jikinka kuwa ya tafi. Ruwan saman da ke sauka a wannan kusurwar Ghana a shekara ya ninka na Tawa sau huɗu ko biyar. Na ga ƙarfafan samarin Adar sun yi laushi cikin awa biyu. Ka riƙe lita 3 na ruwa don tafiyar yini, ka sha kafin ƙishi ya tambaya. Ka sa ƙunshin gishiri da sukari na farmasi a aljihu, in babu ka haɗa da kanka: lita 1, ƙaramin cokali 6 na sukari, rabin ƙaramin cokali na gishiri. In ka tarar da mai saran ɗanyar kwakwa, ka saya ka sha ruwanta. Janairu lokaci ne mai kyau, rani ne a can, hunturunmu ma yakan leƙa har gaɓa ya ɗan rage laimar. Mayu da Yuni ne ba na ba kowa shawara, lokacin ruwa ke zuba kamar da bakin ƙwarya, hanyoyin tudu su zama taɓo.

Tafiya a rairayi ka san ta, sai dai ka bi inda ruwa ya janye ya bar shi a daskare, can ne ƙafa ba ta nutsewa. Gaɓa a karkace take, ƙafa ɗaya na sama ɗaya na ƙasa, bayan awa guda ƙugu zai gaya maka. Takalmin fata ka bar shi gida, gishiri zai cinye shi. Silifa kuma igiyar farko za ta karɓe. Takalmin roba rufaffe irin na makiyaya, wanda ake sayarwa a kowace kasuwar ƙauye a wajenmu, ya fi mini tsadaddun da na gani a ƙafar Turawa, in dai gindinsa bai sule ba. Ka riƙa tsayawa kana zazzage rairayi, don jiƙaƙƙen rairayi tsakanin yatsu shi ke kawo bororo. Kan duwatsu kada ka taka ba takalmi: ban da kawa akwai wata halitta baƙa mai ƙayoyi kamar bushiya da ke ɓuya a ramukan ruwa, ƙayarta na karyewa cikin nama. Waya da takardu a leda biyu, ɗaya cikin ɗaya.

Ka tambaya ko za ka iya kai kaɗai. Busua zuwa Dixcove ko zuwa Butre gajeru ne, mutane na bi, amma ko su na fi so ka tafi da wani, don hanyar da ba kowa a ko'ina cikin duniya takan sami mai jiran baƙo da waya a hannu. Daga Dixcove zuwa yamma kuwa, ka ɗauki ɗan gari. A masaukan baƙi za a haɗa ka da saurayin da ya san hanya, ku yi ciniki tun kafin ku tashi, kuɗinsu sidi ne, ka canza tun a Takoradi. A cikin gonaki hanyoyi na rabuwa kamar jijiyar ganye, kuma dabararmu ta hango dutse ko doguwar bishiya daga nesa ba ta aiki inda ganye ya rufe sama. Kusa da Cape Three Points akwai gandun dajin gwamnati, ragowar kurmin da ya taɓa rufe gaɓar, da birai da tsuntsayen da ba ka taɓa gani ba. Ba a shigarsa sai da mai rakiya. Macizai na nan, maganinsu irin na gida ne: kallon inda za ka taka, da barin cusa hannu a rami.

Kada ka ɗauka Hausa za ta kai ka ko'ina. A zangon Takoradi da kasuwa za ka yini ba ka yi wani yare ba, har kokon safe Hausa koko suke ce masa, shinkafa da wake kuma wace, daga bakinmu suka ɗauka. A ƙauyen masunta sai Ahanta da Fante da Ingilishi, Faransancinka ba zai sayo maka ko ashana ba. Ka koyi gaisuwa da "na gode". Ka gaida mutane kafin ka ratsa tsakiyar kwalekwalensu, kada ka tsallake igiyar taru ana ja, kada ka ɗauki hoton kowa ba izini. In ka tarar ana jan taru daga gaɓa, mutum ashirin ko talatin a layi suna waƙa, ka ajiye jaka ka kama igiyar, za su yi maka dariya su matsa maka wuri. Ranar Talata a yawancin gaɓar Ghana masunta ba sa fita teku, al'ada ce tun ta kakanni, ranar ce za ka same su zaune suna ɗinkin taru, da lokacin amsa tambaya. Akwai kurmi da duwatsu da bakin tafkin da suke girmamawa. In aka ce ba a shiga, ba sai ka nemi dalili ba.

Za ka ga tsofaffin gine-ginen Turawa a kan tuddai. Na Butre, Batenstein, mutanen Holan ne suka gina a 1656, yanzu kango ne, itatuwa sun kama bangonsa, amma daga samansa za ka ga ƙauyen da rafin da tekun a faifai guda. Na Dixcove, Metal Cross, na Ingilishi ne. Can yamma a Princes Town akwai na Jamusawan Brandenburg, na 1683. UNESCO ta sa su cikin kayan tarihin duniya a 1979. Zinariya ta kawo su, daga baya aka koma cinikin mutane, kuma cikin waɗanda aka bi da su ta irin waɗannan ƙofofi har da mutanen da aka kamo daga arewa mai nisa. Ni ban iya ɗaukar hoto ina dariya a wurin ba. Ka tambayi dattawan Busua labarin sarkinsu Badu Bonsu na biyu, wanda mutanen Holan suka kashe a 1838 suka tafi da kansa ƙasarsu, sai a 2009 aka dawo da shi.

Salla ba za ta ba ka wahala ba. Ruwan teku mai tsarki ne, ana alwala da shi, hadisi ya tabbatar, don haka kada ka ƙarar da na sha. Ka ɗebo a buta ka koma nesa da igiya. Alƙibla a can ta fi karkata arewa fiye da yadda ka saba a Tawa, in ka fuskance ta galibi teku zai zama a damanka. Rana na faɗuwa wajen ƙarfe 6 duk shekara, kuma duhu na rufowa da sauri, tsakanin magariba da baƙin dare ba wani tazara. Ka tsara ka isa masauki tun la'asar. Guzuri kuwa na gida ya fi: kilishi, dabino, ƙuli-ƙuli, gari. A ƙauye za ka sami dokunu da soyayyen kifi da barkono. Ka kwana cikin sange, sauron can ba ya hutun rani kamar namu, kuma katin rigakafin shawara ya kasance tare da takardunka tun daga gida. Janairu na cikin watannin da kunkurun teku ke fitowa da dare su haƙa rami su yi ƙwai. In ka ga sawu a rairayi da safe kamar na tayar tarakta ya fito daga ruwa ya koma, nasu ne. Kada ka tona, in kuma ka yi sa'ar ganin uwar da dare kada ka haska mata tocila.

Da ni ne kai, ranar farko Busua zuwa Dixcove kawai zan yi in dawo, in ga yadda jikina ke ɗaukar laima, in zauna awa guda a gaɓa in kafa kara a bakin ruwa in ga yadda yake cim masa. Rana ta biyu Butre, in hau kangon, in shiga kwalekwale cikin rafin. Sai in huta, in duba jadawali in zaɓi ranar da janyewar ruwa ta faɗo da hantsi, in tashi bayan asuba da ɗan rakiya zuwa Akwidaa, in kwana can, washegari in ƙarasa Cape Three Points. Dawowa kabu-kabu ko mota, ba dole sai da ƙafa ba. Kafin kowace fita ka gaya wa wanka inda ka nufa da lokacin da zai ji daga gare ka, ka ba shi lambar mai rakiyar. Ka gaishe shi, ka ce ya ba ka ƴar albasa a leda ka kai wa matar da za ta dafa muku kifi a Akwidaa, ta Galmi tana da daraja a can.